Anti Wadia da Kwamfutar da Ke Ƙamewa a Tsakiyar Sanarwa

Kullum in gari ya waye, kafin yaran motocin hayar da ake kira trotro su fara kiran fasinja a bakin titi, Anti Wadia ta riga ta fito daga gidanta na unguwar Kotobabi, a babban birnin Gana, da jakar fata a kafaɗa. Da ƙafa take zuwa Maamobi. Takan tsaya wajen mai koko ta sayi na safe da ƙosai uku, ta ratsa lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa, har ta isa shagonta, wata ƙaramar kwantena shuɗiya da ke jingine da bangon wani kemis. Sai ta buɗe, ta share, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ta jera sukudireba daga babba zuwa ƙarami, sannan ta zauna ta sha kokonta. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan sammako. A ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, domin idanu sun fara gajiya da ƙananan kusoshi, ɗanta kuma ya matsa mata ta koma wurinsa a unguwar Malam ta huta.

Da buga takardu ta fara, tun lokacin da mutane ke layi a rubuta musu wasiƙar neman aiki. Kwamfutarta ta farko ta lalace sau uku a wata ɗaya, kowane mai gyara ya zo ya faɗi nasa ya tafi. A karo na huɗu ta ɗauki sukudireba ta buɗe da kanta. Daga nan ta riƙa zuwa Sakul, inda ake sayar da kayan na'ura, tana zama kusa da wani mai gyara ɗan Togo tana kallon hannunsa, har ya gaji da korarta ya fara koya mata. Maza sun yi dariya da farko. Daga baya su ne suka riƙa aiko mata da abin da ya gagare su.

Wanda duk ya taɓa kai mata na'ura ya san tambayarta. Ba ta cewa me ya lalace. Cewa take, "Me kake yi lokacin da abin ya faru?" Shugabar wata makarantar Islamiyya a Nima ta shaida cewa Anti Wadia ta dawo mata da tambayoyin jarrabawa na aji shida kwana ɗaya kafin a zauna. Wani tela ya ce kwamfutarsa ta kwana biyar a shagon, cike da hotunan iyalinsa, har yau bai ji labarin ko ɗaya a bakin kowa ba. Irin waɗannan shaidu suna da yawa. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata huɗu da ta yi tana cikin ruɗu, da kuskuren da ta tafka a tsakiyarsu, da abin da ta yi bayansa.

A saman wani shagon ɗinki a Maamobi akwai ƙaramar tasha mai suna Rediyo Amon Unguwa. Ɗaki ɗaya ce. Tana watsa shiri ta intanet, kuma an ɗaura mata lasifika a wurare shida, daga kasuwar Maamobi zuwa Nima, Kotobabi da Alajo. Aikinta sanarwa: an yi haihuwa, an ɗaura aure, yaro ya ɓata, wane ya rasu za a yi jana'iza ƙarfe kaza. Malam Sayibu, dattijo mai sanyin murya, shi ke karanta sanarwar tun ranar da aka buɗe. Alhaji Zubairu shi ne shugaban kwamitin tashar. Kwamfuta guda ke ɗauke da komai, kyauta ce daga wani ɗan unguwa da ke zaune a Jamus, kuma a cikinta akwai karatuttukan malamai na shekara goma sha ɗaya, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wannan kwamfutar ce ta fara ƙamewa. Ana cikin magana sai muryar ta maƙale a kan gaɓa ɗaya tana maimaitawa, kibiyar da ke kan allo ta tsaya cik, a danna wannan a danna wancan, shiru. Ba ta mutu ba, fankarta na juyawa, jar fitilar gabanta na ci, amma ba ta jin kira. Sai Malam Sayibu ya zare wayar daga soket, ya mayar, ya yi 'yan danne-dannen da shi kaɗai ya haddace, shiri ya ci gaba.

Aka kira Anti Wadia. Ta hau bene da jakarta ta yi tambayar da ta saba.

"Malam, me kake yi lokacin da ta tsaya?"

"Ranar Litinin ina karanta sanarwar suna," in ji shi. "Ranar Alhamis karatu na saka, ina zaune ban taɓa komai ba. Jiya kuma na fita alwala, na dawo na tarar da ita haka."

"Da safe ne ko da yamma?"

"Duka."

Ta buɗe na'urar, ta tarar da ƙura kamar an shekara ba a share ɗaki ba. Ta hure, ta goge, ta ce ƙila zafi ne. Kwana shida lafiya lau, ran na bakwai ta ƙame sau biyu. Ta dawo ta canza fanka. Kwana huɗu, ta sake ƙamewa. Ta canza ram, wato ƙaramin allon da na'ura ke riƙe aikin da ke hannunta, ta sa nata na shago don gwaji. Mako biyu ba a ji komai ba, har Alhaji Zubairu ya aiko mata da saƙon godiya. Washegarin saƙon abin ya dawo.

Kowa ya kawo nasa. Telan da ke ƙasan benen ya ce waya ce ta tsufa a bango. Wani ɗan kwamiti ya ce hassada ce, tun da aka ƙara lasifikar Alajo wasu ba su ji daɗi ba. Wata tsohuwa ta aiko da ruwan tofi a kwalba ta ce a yayyafa, Malam Sayibu ya karɓa da ladabi ya yayyafa a bakin ƙofa, nesa da soket. Ita kuwa Anti Wadia in tana tafiya gida sai ta riƙa lissafi a zuci tana warwarewa. In zafi ne, me ya sa take ƙamewa ranar da aka kwana ana ruwa? In ram ne, ai ga sabo. In aiki ne ya yi mata yawa, ya aka yi take tsayawa ba kowa a ɗakin? Duk ƙofar da ta tura sai ta tarar da bango.

Wata Laraba ta ga ƙaramin filashi a aljihun Malam Sayibu, wanda yake kwaso karatu da shi daga wajen ɗalibai. Ta karɓa ta duba a shagonta, sai ga wata 'yar ƙwayar cuta irin ta na'ura a ciki. Ranta ya yi sanyi, domin ta gaji da rashin amsa. Da Alhaji Zubairu ya tare ta a matakala, sai ta faɗa masa.

"To, filashin ne ke nan?" in ji Alhaji.

"Mai yiwuwa ne, Alhaji. Na dai share shi, na share na'urar."

"Mai yiwuwa ko shi ne? Kwamiti na jirana da magana."

Alhaji mutum ne mai son a ba shi amsa a dunƙule, ita kuma kunyar wata uku na kanta. Ta ce, "Shi ne. Yanzu an gyara."

Magana zarar bunu. Kafin Juma'a kwamiti ya zauna, aka ce Malam Sayibu ya ɗan huta a gida tukuna, tunda sakacinsa ne ya jawo wa tasha abin kunya. Dattijon bai yi musu ba. Ya ajiye makulli a kan tebur, ya ɗauki carbinsa da tabaransa ya sauka. Anti Wadia ta ji labari a shago, abin ya dame ta, amma ta ce wa kanta ai ƙwayar cutar gaskiya ce, da idonta ta gani. Alhaji Zubairu ya karɓi karatun sanarwa da kansa kafin a sami wani.

Kwana goma sha biyu na'ura ba ta yi ko tari ba. Ran na sha uku, Talata, Baba Sulemana mai goro na Kotobabi ya rasu da hantsi, aka sa jana'iza bayan Azahar. 'Yarsa Amama ta aiko da takarda tasha. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Alhaji ya gyara murya a gaban makirufo, ya yi salati, ya ce ana sanar da rasuwar Baba Sulemana. Bai kai ga faɗin sana'arsa ko unguwarsa ba na'urar ta ƙame. Lasifika shida suka riƙa maimaita ƙarshen sunan, na, na, na, har ya zare waya.

Ya mayar, kwamfutar ta tashi, amma muryarsa ta ƙi fita waje, domin danne-dannen da ke haɗa ta da lasifika a kan Malam Sayibu suke. Ya kira Malam Sayibu, waya a kashe. Ya kira Anti Wadia, tana cikin trotro daga Sakul, motoci sun cushe ko motsi ba sa yi. Ta yi ta ƙoƙarin kwatanta masa ta waya, yana cewa bai ga abin da take faɗa ba, tana cewa ya duba hagu, yana cewa hagun wa.

Ashe akwai wani Baba Sulemana, tsohon direba a Alajo, wanda kowa ya san ya jima yana jinya. Jama'a suka ɗauka shi ne. Mata suka yafa mayafi suka nufi Alajo, maza suka rufe shaguna suka bi. Matarsa na tsakar gida tana wanke-wanke ta ga mutane na shigowa da salati, ta yanke jiki ta faɗi. Shi kuwa yana ɗaki a zaune yana shan shayi, ya leƙo yana tambaya wa ya mutu. Kafin a gane, a juyo, a sami ainihin gidan rasuwar a Kotobabi, an riga an ɗauki gawa. Mutumin da ya shekara arba'in yana halartar jana'izar mutane, sahu ɗaya da rabi aka samu a tasa.

Bayan kwana uku Amama ta zo shagon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a bakin kwantena da jajayen idanu ta gaishe ta, sannan ta ce, "Anti, an ce ke kika ce an gyara."

Anti Wadia ta ce, "Ni na ce."

"To me ya faru?"

"Ban sani ba, 'yata."

"Ba ki sani ba," in ji Amama a hankali, kamar tana auna nauyin kalmar. Ta gyara mayafinta ta tafi.

A nan ne mutane da yawa za su nemi mafaka. Alhaji Zubairu ma ya miƙa mata ita, ya ce ƙila ragowar cutar filashin Malam Sayibu ce ta ɓuya a wani lungu. Da ta ce e, da magana ta ƙare, kowa ya huta in ban da dattijon da ke zaune a gida. Ke ce kika ƙi, Wadia. Ke ce kika dubi Alhaji kika ce, "Filashin nan ya fi mako biyu bai shigo ɗakin nan ba. Na faɗi abin da ban tabbatar ba. A ba ni makulli." Washegari kika rataya kwali a ƙofar shagonki cewa kin tafi aiki, kika hau bene da sabon littafin rubutu da kujerar roba.

Kwana tara ta yi a ɗakin nan, daga buɗewa zuwa rufewa. Ta bi Alhaji da telan ƙasa da duk wanda ya tuna, ta tattara ranaku da lokutan da na'urar ta taɓa ƙamewa, ta jera su a shafi. Ta dube su ta sama, ta dube su ta ƙasa. Babu rana ɗaya, babu sa'a ɗaya, babu shiri ɗaya. Ta buɗe wurin da kwamfuta ke rubuta wa kanta abin da ya same ta, ta tarar da dubban layuka na Turancin injiniyoyi, rabi ta gane, rabi kamar rubutun aljanu. Ta kwafe wasu da hannu, ta kai wa abokan sana'a a Sakul. Ɗaya ya ce a goge komai a sake zubawa. Ta ce karatun malamai na shekara goma sha ɗaya fa? Ya ɗaga kafaɗa. Wani ya ce a sayi sabuwa kawai. Ta dawo da ruɗun da ya fi wanda ta tafi da shi.

Abu ɗaya ne ya riƙa damunta. Wasu ranaku jar fitilar gaban na'urar takan yi ƙyaf-ƙyaf jefi-jefi, kamar yadda ya kamata. Wasu ranaku kuma sai ta kama ci babu ƙyaftawa, alhali ba wanda ya sa ta aiki. In ta kara kunne a jikin akwatin sai ta ji ana ta sassarfa a ciki. Aikin me take yi, wa ya sa ta? Ta san na'urar na da faifan ajiya biyu, kowanne kwafin ɗan'uwansa, haka mai kyautar ya haɗo ta. Amma ta duba lafiyarsu tun farko da ɗan gwajin minti biyu, duka suka ce lafiya. Ran kwana na shida ta zauna ta dafe kai, ta fara tunanin ko dai tsufa ne ya zo, ko aikin ya wuce zamaninta.

Ran na bakwai Fatimata ta hawo. Ita ce mai sayar da ƙanƙara da sobolo, wato zoɓo, a gindin benen, mutuniyar arewacin Gana, mai Hausar Zango wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ta kawo mata sobolo mai sanyi don tausayi, ta tsaya tana leƙen littafin.

"Sista Wadia, wannan lamba duka na mene?"

"Ranakun da na'urar ta tsaya ne."

Fatimata ta sa yatsa a kan layi ɗaya. "Wannan Talata, ranar da Baba ya mutu ko? Ai ba na mantuwa. Ranan an ɗauke layit da safe, firiza na ya mutu, ƙanƙara duka ya zama ruwa."

"Wuta ta dawo kafin takwas," in ji Anti Wadia. "Ita kuma sai sha ɗaya ta tsaya. Ba su haɗu ba."

"Yoo. Ni dai na faɗa. Wannan Alhamis ma an ɗauke. Wannan ma." Ta ciro wayarta. Ashe duk ranar da aka ɗauke wuta takan aika wa mai kawo mata kaya saƙon murya kada ya zo, in ta dawo ta sake aika masa. Lokutan na nan a jere.

Anti Wadia ta karɓi wayar ba don ta yarda ba. Ta rubuta lokacin dawowar wuta a gefen lokacin ƙamewa. Na farko, awa uku da kwata tsakani. Na biyu, awa uku da minti ashirin. Na uku, awa uku da kwata. Ta koma kan ranakun da na'urar ta tsaya sau biyu, ta ga tsakanin zare waya da tsayawa ta biyu ma awa uku ne da 'yan mintoci. Ta sake buɗe rubutun na'urar, yanzu da ta san inda za ta duba, sai ga shi: duk lokacin da wuta ta yanke mata ba shiri, in ta tashi sai ta fara bin faifan nan biyu tana gwada su layi-layi, a ɓoye, ba ta faɗa wa kowa ba, don ta tabbatar ba abin da ya ɓace.

Duk da haka ba ta ce ta gano ba. Bakinta ya riga ya ƙone sau ɗaya. Ta kira Alhaji Zubairu ta ce ya zo ran Asabar da safe, ya zo da 'yan kwamiti biyu. Ƙarfe tara daidai, a gabansu, ta kashe wutar ɗakin daga makunni, ta mayar.

"In abin da nake zato ne," in ji ta, "sha biyu da kwata za ta ƙame. In ba ta ƙame ba, ban san komai ba, ku nemi wani."

"Wato da gangan kika ɓata ta?" in ji Alhaji.

"Da gangan, Alhaji."

Suka zauna. Karatu na fita ta lasifika, fitila ja na ci. Sha biyu ta yi. Sha biyu da kwata ta yi, karatu bai tsaya ba. Alhaji ya dubi agogonsa, ya dubi 'yan kwamiti. Da minti ashirin, ɗayansu ya miƙe yana neman takalminsa. Anti Wadia ta fara shirya kalmomin ban haƙuri a ranta. Sha biyu da minti ashirin da uku muryar mai karatu ta maƙale.

Alhaji ya yi salati ya kai hannu soket.

"Kada ka taɓa!" Ba a taɓa jin Anti Wadia ta daka wa babba tsawa ba sai ranar. "Yi haƙuri, Alhaji. A bar ta. Duk sanda aka zare, daga farko take komawa."

Ta kashe lasifikan waje, suka zuba wa allo ido. Minti goma. Minti ashirin. Aka kira Azahar, suka sauka suka yi salla suka dawo, tana nan a ƙame. Sai da aka yi minti arba'in da ɗaya kibiyar ta motsa da kanta, karatu ya ci gaba daga inda ya tsaya. A cikin rubutun na'urar kuwa ga layuka sun fito jere, suna nuna faifai na biyu. Akwai wani wuri a cikinsa da ya lalace, can ciki inda gajeren gwaji ba ya kaiwa. In binciken ya iso wurin sai ya yi ta ƙoƙarin karantawa yana kasawa, komai na na'urar ya tsaya jiransa. In hakan ya faɗo bayan an rufe tasha, sai ta wuce ita kaɗai ba wanda ya sani, shi ya sa ake samun makonnin lafiya. In ya faɗo ana aiki, sai a zare waya, a sake ɗaura mata awa uku.

Gyaran kansa bai ɗauki yini ba. Ta cire faifan da ya lalace ta sa sabo, ta rage wa binciken gudu don kada ya riƙa danne sauran aiki, ta sa kwamiti ya kawo batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta yanke. Karatun malamai bai ɓace ko ɗaya ba. Ta rubuta matakan haɗa lasifika da manyan baƙaƙe ta manna a bango.

Abin da ya fi gyaran wuya shi ne tafiya gidan Malam Sayibu a Nima. Ta same shi a zaure yana gyara tabaransa da zare. Ta durƙusa, mace mai shekara kusan sittin, ta faɗa masa komai.

"Malam, na ɗora maka abin da ba naka ba. Ka yafe mini."

Ya ajiye tabaran, ya ce, "Wata guda ina tambayar kaina me na yi. Har na jefa filashin nan a kwata. Tashi, Wadia. Na yafe. Amma mutanen da suka ji an ce ni ne, wa zai faɗa musu?"

"Ni."

Ranar Litinin ta zauna gaban makirufo, karo na farko kuma na ƙarshe a rayuwarta. Kasuwar Maamobi ta ji, Nima ta ji, Kotobabi da Alajo suka ji. Ta faɗi sunanta, ta ce ita ce ta ce filashin Malam Sayibu ne, kuma ba shi ba ne, ita ce ta ce an gyara alhali ba a gyara ba. Ta nemi gafarar iyalan Baba Sulemana na Kotobabi da na Baba Sulemana na Alajo. Alhaji Zubairu na tsaye a bayanta, da ta gama sai ya karɓi makirufo ya ce shi ma da nasa laifin, shi ya matsa mata. Sannan ya miƙa wa Malam Sayibu makulli.

Ta je wajen Amama ma. Amama ta saurara har ƙarshe ta ce, "Na ji, Anti. Amma ba za a sake yi masa salla ba." Anti Wadia ta ce gaskiya ne. Da addu'ar arba'in ta zo, Malam Sayibu ya karanta sanarwar kwana uku a jere, suna da sana'a da unguwa da kwatancen gida. Layin gidan ya cika har bakin titi, aka ƙaro tabarmi daga masallatai biyu. Baba Sulemana na Alajo ya sa aka kawo shi a tasi, aka riƙo shi ya zauna a sahun gaba, ya ce tunda an riga an yi masa tasa ta'aziyyar, dole ya zo ya mayar wa mai ita. Amama ta yi dariya tana hawaye. Da za a watse ta aika wa Anti Wadia da abinci a kwano mai murfi.

Makon jiya na same ta tana ɗaure kaya a kwali. Na ce mata, to, ai ƙarshe dai kin gane komai. Ta girgiza kai, ta ciro littafin nan ta buɗe mini wani shafi. Cikin ƙamewa ashirin da uku da ta rubuta, ashirin da biyu sun bi lissafi. Akwai guda, wata Lahadi, ba a ɗauke wuta ba, ba a zare waya ba, na'urar ta tsaya. Ta zagaye ta da jan biro.

"Wannan fa?" na ce.

"Har gobe ban sani ba. Na faɗa wa wanda zai karɓi aikin, kada ya ɗauka na gama."

Wadia ta Maamobi, mai kunnen jin ciwon ƙarfe, mun gode. Mun gode da na'urorin da kika tayar, da sirrin mutane da kika riƙe, da kwana taran da kika rufe shagonki kika zauna gaban abin da ya fi ƙarfin saninki. Ke ce kika nuna mana cewa gwani ma yakan ruɗe, kuma in ya yi kuskure a gaban jama'a, a gaban jama'a yake gyarawa. Allah Ya ƙara wa idanunki haske, Ya sa hutunki a Malam ya zama mai daɗi, Ya ba ki ladan kowace sanarwa da ta isa kunnen mai ita.

Ku kuma masu gyara na Nima da Maamobi, da malaman makaranta, da masu ba da magani, da mu masu rubutu, duk wanda ake zuwa wurinsa neman amsa: in an tsare ku a matakala ana son magana a dunƙule, ku tuna akwai wani a gefe da amsarku za ta iya raba shi da makullinsa. Wanda ya sani ya faɗa. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, sannan ya jawo kujera ya zauna.